Kabarin da Na Nuna da Yatsa

Makon jiya ina zaune a ɗakin malamai ina jiran a kaɗa ƙararrawa, sai na buɗe waya na shiga inda masu karatu ke rubuta ra'ayinsu a kan littattafai. Na nemo waɗansu littattafan Turawan Ingila da na daɗe da sani. Jeri ne mai tsawo, duk a kan mace ɗaya, malamar jami'a wadda sana'arta haƙo kufai da ƙasusuwan mutanen da. In 'yan sanda suka tsinci ƙashi a wani wuri, ita suke kira ta gaya musu na shekara dubu ne ko na bara, daga nan a bi sawu har a kama wanda ya yi kisa. Na yi ta karanta ra'ayoyin nan, kuma wallahi raina ɓaci ya yi ta yi.

Wata ta ce ta gane mai laifin tun tsakiyar littafi, don haka tauraro uku kawai za ta bayar cikin biyar. Wani ya ce bayanin ƙasa da ƙashi ya yi masa yawa, tsallakewa yake yi ya tafi inda ake tsere da mota. Wata kuma ba ruwanta da gawar ma, abin da ya dame ta malamar ta cika shan shayi. Sai wani dattijo da ya ce shi yana karantawa ne don ya huta da damuwar duniya. Ya huta! Allah ya ba ka hutu, Baba. Ni ma ina da ra'ayi a kan littattafan nan, amma ba zai shiga ɗan akwatin da suka ware don rubutu ba, kuma babu wanda zai gane shi a can. Shi ya sa na zo nan da shi.

Littattafan sun zo hannuna ne a shekarar gubar dalma. Wanda ba ɗan yankinmu ba zan gaya masa a taƙaice. Maza sun riƙa kawo duwatsun zinari gida daga wurin haƙa, mata suna dakawa a turmi a tsakar gida, ana wankewa a tukwane da kwanuka. Ashe duwatsun cike suke da dalma, ƙurarta ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga jikin yara masu rarrafe, yara suka dinga mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ni a lokacin na gama kwalejin horar da malamai ke nan, ina jin Turanci, sai aka ɗauke ni tafinta a asibiti a Anka, tsakanin iyaye mata da baƙin ma'aikatan jinya. Da ɗaya daga cikinsu za ta koma ƙasarsu ta bar min littafi huɗu na jerin nan, duk gefensu ya nannaɗe. Na karanta su har sau uku uku.

Yayata ita ce ta fari a ɗakinmu, ni ce auta. Ita ta goye ni, ita ta yaye ni a hannunta, har gobe Auta take ce min. An yi mata aure a wani ƙauye da ke bayan Dareta, mijinta manomi ne da ya koma haƙar zinari kamar kowa. 'Ya'yanta biyu a lokacin, namiji ɗan shekara huɗu da mace mai shekara biyu da 'yan watanni. Macen ce gubar ta fara kamawa. Ta yi jijjiga da hantsi, kafin azahar an rufe ta. Uban yana can cikin rami, saƙo bai iske shi ba sai la'asar, maƙwabta ne suka yi sutura.

A ƙauyen nan ƙaramin yaro in ya rasu ba lallai a kai shi maƙabarta ba, akan haƙa masa a bayan gida. Ita an sa ta bayan rumbu, kusa da danga, aka kafa bakin wata fasasshiyar tukunya a wajen kanta. Mata a wajenmu ba sa bin gawa, ba sa shiga maƙabarta, uwa takan tsaya ne a ƙofar ɗaki a fita da ɗanta, shi ke nan rabuwarsu. To Yaya ta samu abin da sauran mata ba su samu ba, tana iya leƙawa bayan rumbu ta ga inda ɗiyarta take. Shi kaɗai ya riƙe ta a kwanakin nan, ita da bakinta ta gaya min.

Bayan damina ta ɗan yi nisa aka auna jinin namijin aka ce a kwantar da shi. Yaya ta zo Anka ta yi jinya fiye da wata guda, ni nake fassara mata abin da ake cewa. Tana can aka zo ƙauyensu aikin kwashe ƙasa. Gida gida aka bi, aka kankare saman ƙasa da fartanya, aka zuba a buhuna aka kai nesa aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Duk tukunyar da ake zaton an wanke dutse a ciki an kwashe, har da fasassu. Rumbunsu kuwa da buhunan dutse aka taɓa cika shi, sai aka rushe shi ɗungurungum. Ba na zargin masu aikin nan ko kaɗan, aikinsu ne ya sa ɗan Yaya yake raye yau. Amma da ta dawo gida, bayan gidan ya zama fili shafe, ja wur, babu rumbu, babu tukunya, dangar ma an cire an sake kafa ta a wani layi daban.

Ta tambayi mijinta, ya ɗaga hannu ya share iska da shi ya ce, "Nan dai wajen." Ta aika aka tambayi maƙwabtan da suka haƙa, suka ce su a kwanakin nan sun haƙa da yawa, ba za su yi rantsuwa ba. Ita kanta da ke leƙawa kullum, da rumbu take auna wurin, rumbu kuwa babu. Abin da ta iya cewa shi ne tsakanin nan da can, wajen taki goma. Sai ta hana kowa zubar da ruwan wanke-wanke a duk tsawon wurin, ta hana ɗaure awaki, aka zauna a haka.

Ni kuwa an ɗauke ni koyarwa, ina zaune a Anka, bakina ba ya shiru da labarin littattafan nan. Duk wanda na ba labarin sai ya faɗi nasa ra'ayin. Inna ta ce, "Ita wagga mata ba ta da aikin yi? A bar matattu su kwanta mana." Kawunmu, malamin allo ne, ya ce tone kabari ba abin wasa ba ne, in daina cika kaina da shirme. Wani abokin aikina mai koyar da tarihi ya ara ya karanta biyu, ya dawo da su yana cewa rabi gaskiya ne rabi ƙarya, wai aikin da ake yi a wata shida marubucin ya gama shi a shafi uku. Na ce masa hassada ce, don shi ko tsingaro bai taɓa haƙowa ba.

Wata rana Yaya ta zo ganin Inna, ina yi mata kitso, ina zuba kamar rediyo. Na gaya mata yadda malamar take cewa ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa yadda take, ko bayan shekara dubu. Launinta yakan bambanta, in an jiƙa ta takan daɗe ba ta bushe ba, in an soka ƙarfe yakan shige da sauƙi. Sai na ji kanta ya tsaya cik a hannuna.

Ta ce, "Auta, sake hwaɗa min wanga wuri."

Na sake faɗa, har da ƙari, don na ga ana saurarona. Na ce ai abin ba wuya, ido ne kawai da ilimi. Wannan maganar ta fito daga bakina, ni da ko ramin shuka gyaɗa ban iya haƙa daidai ba.

Shekara biyu bayan haka rami ya rufta da mijin Yaya, Allah ya jiƙansa. Da ta fita takaba aka raba gida, ita da ɗanta suka samu ɗakinsu, bayan gidan ya faɗa rabon ƙanen mijin. Kada in yi masa ƙarya, mutumin kirki ne daidai gwargwado, yana da yara da yawa, tsohuwar salgar gidan ta cika, kuma babu inda za a haƙa sabuwa sai bayan gidan nan. Ya zo ya durƙusa ya ce wa Yaya ba zai iya barin taki goma ba, amma ta nuna masa wurin da yarinyar take, ya yi alkawarin ko akuya ba za ta taka ba. Yaya ta yi ta kai da kawowa a filin nan kwana uku, ta kasa. A rana ta huɗu ta aiko a ce min in zo da ilimina.

Na je ranar Asabar. Har da littafin na sa a jaka, kai ka ce Allah ya aiko ni. Da hantsi na sa aka ɗebo ruwa tulu huɗu, na ari wani dogon ƙarfe na rodi, na ce kowa ya matsa. Maza suka jeru a jikin danga suna kallo: ƙanen mijin, maƙwabta biyu, da wani tsoho da aka kira don haƙa salgar, mai haƙa rijiyoyin ƙauyen tun ban san kaina ba, riƙe da kalme, wato fartanyar haƙa. Mata suna leƙe ta bayan ɗaki. Yaya tana tsaye kusa da ni ta dafe ƙirji da hannu biyu.

Na yayyafa ruwan ko'ina, na tsaya jira. Rana ta fara shanye shi, ni kuma ina sa ido in ga wuri ɗaya da zai rage da duhu, dogo ɗan siriri, kamar yadda aka kwatanta a littafi. Da ƙasar ta fara bushewa sai na ga wuri shida. Shida! Wani zagaye, wani karkatacce, wani ya haɗe da wani. A lokacin ne abin da ya kamata in tuna tun a Anka ya faɗo min: bayan gidan nan an fi shekara arba'in ana haƙa shi. An ɗebi ƙasar gini, an binne shara, an binne mabiyiyar kowane jariri da aka haifa a gidan, an ɓoye buhunan dutse, sannan aka zo aka shimfiɗa baƙuwar ƙasa a kai. Na soka ƙarfen a wuri na farko, ya shige. Na soka a na biyu, ya shige. Duk inda na soka shigewa yake yi.

Sai ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce, "Malama, wai a littahin Nasara za a gano muna kabari?" Ɗayan ya ce a bari ta gama, ai boko ba ya ƙarya. Suka ƙyalƙyale.

Ni na san halina. Tun ina ƙarama in aka yi min dariya ba na ji ba na gani, Inna ta sha dukana a kan haka. Tsohon nan mai haƙa ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali yadda sauran ba za su ji ba. Ya ce, "Malama, in babu tabbas a bari. Ni sai in bi wurin da ɗan ƙaramin kalme, kaɗan kaɗan, daga wanga gefe zuwa wancan. Kwana biyu zai ci, amma in na taɓa itacen kabari ina ganewa, sai in tsaya."

Wannan ita ce maganar hankali kaɗai da aka yi a wurin ranar, kuma daga bakin wanda ya yi shekara hamsin hannunsa cikin ƙasa. Da na ce to, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma na ji kamar ya ce ne aikina ya kasa, a gaban masu dariya, a gaban Yaya da ta gaya wa duk ƙauyen ƙanwarta za ta zo. Na ce, "Baba, ba sai an wahala ba." Na dubi wuraren nan shida, na zaɓi wanda ya fi kama da tsawon yaro, na miƙa yatsa na ce, "Ga ta nan."

Yaya ta zube a wurin. Ta kifa tafin hannunta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar nan tana kuka tana kiran sunan yarinyar, tana ce mata, "Ga ni, ɗiyata, ga ni, ban bar ki ba." Ɗaya daga cikin masu dariyar har ya cire hula. Ƙanen mijin ya ɗebo duwatsu da hannunsa ya kewaye wurin, ya auna taki biyar daga nan ya ce wa tsohon gobe ya fara haƙa a can. Na koma Anka da yamma da kaza a cikin kwando da Yaya ta matsa sai na karɓa, a mota ina gaya wa kaina ai ɗaya cikin shida ba laifi, kuma wataƙila ma idona gaskiya ya gani.

Shekara biyar Yaya tana share wurin nan kowace safiya. In rani ya yi ta yayyafa masa ruwa. Jikinta ya dawo, ta koma sana'ar ƙuli-ƙuli, ta koma dariya. Duk wanda ya zo sai ta gaya masa Autarsu ce ta gano mata da ilimi. Har mata biyu daga wasu gidaje suka aiko, su ma nasu ya ɓace a aikin kwashe ƙasa, ko zan taimaka. Na ce jarrabawa ta taso, na ce ba ni da lafiya, na yi ta zillewa har suka gaji. Yaya ta ji haushina a kan wannan, ta ce Allah ya ba ni abu ina rowa.

Sai 'yan bindiga suka fara damun ƙauyukan yankin, mutane suka fara tahowa gari da kaɗan kaɗan. Cikin na farko har da tsohon nan mai haƙa. Wata rana makarantarmu ta kira mai gyaran rijiya, na fito daga aji na gan shi zaune a bakin rijiyar yana warware igiya. Na gaishe shi da murna, na tambayi mutanen gida. Ya amsa, ya ci gaba da warware igiyarsa. Can ya ce, "Malama, akwai abin da ya daɗe yana cina. Na tsuhwa, ba ni son in tahi da shi."

Na zauna a kan bulo. Ya ce washegarin ranar da na nuna, ya fara haƙa salga a inda aka auna masa. Bai kai gwiwa ba kalmensa ya taɓa itace. Ya ajiye kalme ya bi da hannu, ya ga itatuwan a jere, gajeru, irin na kabarin yaro. Yaya ta tafi rijiyar bakin gari a lokacin. Ya kira ƙanen mijin, suka tsaya suna kallon juna. Suka samo farin ƙyalle sabo, suka tattara abin da suka samu duka, suka naɗe, suka kai maƙabarta suka yi addu'a suka rufe, a gefen da aka sa yaran shekarar gubar. Ba su sa alama ba, don kada a tambaya. Suka dawo ya ƙarasa haƙa salgar a wurin.

Na ce, "Baba, don me ba ku faɗa ba? Don me?"

Ya ce, "Mun ga yadda hankalinta ya kwanta. Kuma mun ce ke malama ce, kin zo daga gari, gaban jama'a kinka nuna. Ba mu so mu kunyata ki."

Ba su so su kunyata ni ba! Ku ji fa. Mutum biyu suka ɗauki gawar yarinya a ɓoye suka raba ta da uwarta don kada fuskar Malama ta zube. Na so in yi masa ihu, amma me zan ce? Shi ne ya ba ni hanya tun farko na ture. Na tambaye shi ko zai gane wurin a maƙabarta. Ya girgiza kai ya ce damina biyar ta bi ta kai, kuma an ƙara wasu a gefen tun daga lokacin.

Na riƙe maganar nan shekara biyu cur. Na je ƙauyen sau da yawa, na ga Yaya ta sunkuya tana share tsakanin duwatsun nan, na ga yaran gidan suna shiga salgar da buta suna fitowa, na ci tuwonta na yi godiya na dawo. Na ce wa kaina tausayinta nake ji. Ƙarya ce, tsoro nake ji, kuma kunyar da aka ce ba a so in ji ita nake gudu. Littattafan kuwa na tura su ƙarƙashin gado.

Abin ya ƙare ne da ƙauyen ya tashi gaba ɗaya. An sace mutane a gona sau biyu, aka aiko da saƙon cewa za a dawo. Ƙanen mijin ya kwashe iyalinsa zuwa Gummi, ya tafi da ɗan Yaya. Gidaje suka zama kango, saura tsofaffi uku huɗu da Yaya. Aka yi aike, aka yi waya, Inna ta yi kuka ta yi fushi, Yaya ta ce ba inda za ta. Ta ce sau ɗaya ta bar ɗiyarta ta tafi wata guda, ta dawo ta rasa ta, ba za ta sake ba. A kan filin da babu komai a cikinsa sai wataƙila tsohuwar shara, yayata za ta zauna a kashe ta, kuma ni na ɗaure ta a wurin.

Na samu wani direba da ya yarda ya kai ni da sharaɗin kada mu wuce azahar. Na iske ta a bayan gida tana tsinke ciyawar da ta fito tsakanin duwatsun. Ta ga fuskata ta ce, "In Inna ta aiko ki, koma ki ce ina gaishe ta."

Na ce, "Yaya, ba ta nan."

Ta ce, "Wa?"

Na faɗa mata duka a tsaye, ban zauna ba don na san in na zauna ba zan iya ba. Na faɗi wurare shida, na faɗi maganar tsohon da na ƙi, na faɗi itatuwan, da farin ƙyallen, da maƙabarta. Ta juya ta dubi salgar, ta daɗe tana dubanta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ciyawar da ta tsinke tana hannunta, ta sake ta a hankali.

Ta ce, "Auta, ranar da kinka nuna, kin gani ko ba ki gani ba?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ta ce, "Kuma kinka bar ni ina kiran sunanta nan."

Na ce, "I."

Ta shiga ɗaki ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure tufafinta a zane, ta fito ta ja ƙofa. Ko waiwayar duwatsun ba ta yi ba. A mota ta ce wa direba ya bi ta maƙabarta. Ya fara cewa lokaci, ta ce, "Ɗana, bi ta can," da wata murya da ta sa ya juya sitiyari.

Muka tsaya a bakin maƙabartar, inda mata ke iya tsayawa. Wata biyu babu wanda ya shiga da lauje, ciyawa ta kai ƙugu, ba a ganin tudu ko ɗaya, daga nan har bishiyoyin ƙarshe kore ne shar. Yaya ta dubi gabas, ta dubi yamma, leɓenta yana motsi. Sannan ta tambaya, ban san ni take tambaya ko kanta ba, ta ce, "Ta wane gefe sunka sa yaran?"

Ni ban sani ba. Tsohon bai gaya min gabas ko yamma ba, ni kuma ban tambaya ba. Amma na ga idonta yana yawo ba shi da wurin sauka, sai na ji hannuna ya fara ɗagawa da kansa, wallahi ban yi niyya ba. Yaya ta cafke wuyan hannuna ta matse har na ji zafi, ta mayar da shi ƙasa.

Ta ce, "Kada ki nuna."

Direba ya danna hon. Ta yi addu'arta ga filin gaba ɗaya, ta shafa, muka shiga mota.